Raguna Huɗu da Aka Hana Dusa

Yanzu idan aka gayyaci maigidana gidan rediyo ya yi bayani a kan abincin shanun tatsa da na tumaki, nakan ji masu bugo waya suna ta ranka ya daɗe Farfesa, wai sun bi shawararsa saniya ta ƙara nono, rago ya yi ƙiba har yana nishi a turke. Ni ina kicin ina yankan albasa ina jin su. Ba na musu, mutumin ya san aikinsa. Amma akwai shekarar da ilimin nan ya kusa wargajewa tun bai kai ko'ina ba, kuma ni ce na kusa wargaza shi, da zuciya ɗaya.

Watanmu biyar da aure a lokacin. Ni 'yar Sabon Gari ce, Unguwar Gabas, shi kuma yana karatun digirinsa na uku a Samaru, inda aka ba shi ɗan gida mai ɗaki biyu da fili a baya da bishiyar mangwaro guda. Wata bakwai ya rage wa'adin karatunsa ya cika. Ya riga ya nemi ƙari sau ɗaya, an kuma gaya masa ba a nema sau biyu. Lissafinsa shi ne wata uku ya yi gwaji a kan raguna, sauran huɗun ya zauna ya rubuta. Ana cikin haka aka tafi yajin aiki a jami'ar, masu kula da dabbobi suka kama gabansu. Shi kuwa ba shi da ranar jira, sai ya nemi izini, ya lodo raguna goma sha biyu a a-kori-kura ya sauke mini su a bayan ɗaki. Sa'o'ina amare firji ake kawo musu.

Ya kira kafinta ya yi wa kowane rago ɗan ɗakinsa na katako, da kwanon ci da na sha. Ya raba su gida uku. Huɗu ya shafa musu jan fenti a ƙaho, su ana ba su busasshiyar ciyawa da ƙulin angurya. Huɗu shuɗin fenti, su ciyawa da harawa da dusar masara. Huɗun ƙarshe ko fentin ba su samu ba, kuma abincinsu ciyawa da ruwa da dutsen gishiri, shi ke nan. Su yake kira 'yan kwantirol. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ɗaliba, wai da su ake gane amfanin abin da aka ba sauran. Na gyaɗa kai na ce na gane, don a lokacin ina jin kunyarsa, amma a raina na riga na sa musu suna marayu.

Kullum da safe sai ya auna abincin kowa a ƙaramin sikeli, ya auna wanda suka rage jiya, ya tattara kashinsu shi ma ya auna, ya rubuta a wani baƙin littafi. Ni dai ban taɓa ganin inda ake girmama kashin rago haka ba. Ranar Asabar kuma ya rataya babban sikeli a reshen mangwaro, mu sa rago a cikin buhun da aka huda wa ƙafafu, mu ɗaga shi yana wutsil-wutsil, shi yana karanta lamba. Doka ɗaya ya kafa mini, ya kuma maimaita ta har sau uku: kada in ba ko ɗaya daga cikinsu komai, ko da ganye guda ne.

To, ni a gidan kiwo na tashi. Mahaifiyata ba ta taɓa zama babu rago ɗaya ko biyu a turke ba, kuma a gidanmu ba a karyawa sai an ba na ɗaure. Ba a zubar da ruwan tsari, ba a zubar da ɓawon dankali, ƙanzon tukunya ma jiƙa shi ake yi a kai musu. Ga ni yanzu ina wanke surfe ina tuttular da tsari a kwata, raguna huɗu suna kallona ta tsakanin katako. Abin da ya fi ci mini rai, ɗakunan a jere suke. Maraya yana tsaye a kan ciyawarsa mai kama da tsintsiya, maƙwabcinsa na gefe yana ƙumus-ƙumus da ƙuli, ƙamshi yana dukan hancinsa. Sai ya zura baki ta kafar katako, ya kasa kaiwa, ya juyo ya dube ni.

Sati biyu na daure. A na uku Inna, mahaifiyata, ta zo ganin ɗakina, na zagaya da ita baya don in yi mata burga da dukiyar miji. Ta tsaya ta ƙare wa huɗun nan kallo, ta shafa haƙarƙarin ɗaya, ta tambaye ni ko ba su da lafiya ne. Na yi mata bayanin kwantirol iya yadda na haddace.

Ta ce, "Wannan wane irin karatu ne? Dabbar da ka ɗaure ai amana ce. Shi gobe ƙiyama ya nuna littafi, ke kuma me za ki nuna?"

Washegari, da ya fita wajen ƙarfe goma zuwa inda yake busar da samfurinsa, na ɗauki wata koriyar roba na tari tsarin na kai musu. Na gaya wa kaina ai ruwa ne, kuma bai hana ruwa ba. Suka shanye har suna lasar gindin robar. Bayan kwana uku na ga tsarin ya yi tsararo da yawa, na ɗan barbaɗa dusa. Daga dusa aka shiga kowar wake, daga nan ƙanzo, da 'yar kanwa don ciki. Duk ranar da na je gida, Inna za ta ƙulla mini dusa a leda, in tura ta ƙarƙashin kayan miya in hawo motar Samaru ina ta muzurai kamar mai fasa-ƙwauri. Idan sun gama ci in goge musu baki da tsumma, in wanke robar in kife ta a bayan randa.

Ragunan ba su iya rufa asiri ba. Da sun ji motsin takalmina sai su ɗauki kuka, shi kuwa mai su ko ya wuce sau goma ba wanda zai ɗaga kai. Wata safiya ya tsaya da littafinsa a hannu yana murmushi, ya ce in duba yadda dabbobin nan suke ƙaunata, lallai ina da farin jini. Na ce Allah ne ya haɗa jininmu.

A Asabar ta biyar marayu suka kamo masu shuɗin fenti. A ta bakwai suka wuce masu ja. Gashinsu ya kwanta yana sheƙi, ɗaya har ya fara tunkuyin katako don ƙoshi. Malam maigidana ya karanta lamba, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya ce mu sauke ragon mu sake ɗagawa. Muka ɗaga shi sau uku, ni ina riƙe da gindin buhu ina jin nauyin laifina a kafaɗa.

Sikeli ya fara zargi. Ya kwance shi daga mangwaro, ya ɗaure a bayan mashin ya tafi Cikaji wurin wani dattijo ɗan kudu mai gyaran ma'aunai. Dattijon ya buɗe shi, ya gwada shi da duwatsun awo, ya ce masa da Hausarsa ta Sabon Gari sikeli lafiyarsa ƙalau, sai dai ko mai sikelin. Ya dawo ya koma kan ƙulin, ya je ya tsare mai sayarwa da tambaya ko an gauraya shi da ƙasa. Ya sake ba takwas masu fentin maganin tsutsa. Da duk suka ƙare, sai ya koma zargin kansa, kuma nan ne abin ya daina ba ni dariya. Ya fara rage tuwo. Mutumin da yake tambayata ko da saura a tukunya, yanzu sai ya yi loma huɗu ya wanke hannu ya koma kan baƙin littafi. Raguna suna ƙiba, mai raguna yana ramewa a gabana.

Na yi ƙoƙarin dainawa, Allah ya sani. Kwana biyu na hana su. Suka yi ta kuka tun hantsi har la'asar, har matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko yanka ake yi. A rana ta uku na ɗauko robar. Faɗa masa kuwa, kullum nakan shirya maganar a baki, in na ga fuskarsa sai in tambaye shi ko in ƙara masa miya.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya zauna a bakin ƙofa ya ce mini ya yanke shawara. Zai rubuta abin da sikeli ya faɗa, cewa ƙarin abincin nan bai amfana wa ragunan komai ba. Ya san hakan ya saɓa wa duk abin da malaminsa ya shekara talatin yana koyarwa, ya san kuma da wuya masu jarrabawa su karɓa, watakila karatun ya tashi a banza. Amma ba zai canza lamba ko ɗaya ba. Ya ce ya kira malamin nasa ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa. Ban taɓa jin girmansa a raina kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Malamin nasa wani ɗan gajeren tsoho ne mai tsohuwar mota, kullum da takalman roba a but. Ni kafin in san shi a gidanmu, a bakin masu tallan nono na kasuwar Samaru na san shi. Shi ne ya yi shekaru yana bin rugage yana lallashin makiyaya su adana harawa su riƙa ba saniyar da ake tatsa 'yar angurya da rani, maimakon a zuba wa garke duka ido har ruwa ya sauka. Da farko dariya suke yi masa, ɗan boko zai koya wa Bafulatani saniya. Daga baya matan ne da kansu suka riƙa tsare mazansu, don su ne suka ga bambanci a ƙwarya. In ya ratsa kasuwa sai ka ji ana Baba mai shanu, wannan ta miƙo man shanu, waccan kindirmo, shi kuma yana tambayar kowace saniya da kamanninta.

Ya iso da hantsi. Malam ya miƙa masa baƙin littafin da hannu biyu, ya karɓa ya ajiye a kan buhu ko buɗewa bai yi ba. Ya sa takalmansa ya shiga wurin marayu. Ya matsa bayan ɗaya, ya buɗe bakin wani ya leƙa. Ya tsuguna ya ɗauki kashi ya murje shi a tafin hannu, ya kai hanci. Sannan ya miƙe ya ce, 'yata, a taimaka mini da ruwan wanke hannu.

Na ruga ciki. Hannuna ya kai ga abin da ya saba ɗauka a daidai wannan lokacin. Sai da na fito tsakar fili na lura koriyar robar ce a hannuna.

Takwas masu fenti ko kallo ban ishe su ba. Huɗun nan kuwa suka miƙe a kan ƙafafun baya gaba ɗaya, suka ɗora na gaba a kan katako, suka buɗe maƙogwaro. Babban cikinsu ya ɓalle ƙusa ya fito, ya zo ya tsoma kai a ruwan wanke hannun tsohon, ya ɗago ya dube ni da mamaki don bai ji dusa ba.

Tsohon ya dubi ragon, ya dubi robar, ya dube ni.

"'Yata, da kanwa ko babu kanwa?"

"Da 'yar kaɗan, Baba."

"Na ji ta," in ji shi.

Ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗu, har ya dafa mangwaro. Malam bai yi dariya ba. Ya ja baya a hankali ya zauna a kan buhun ciyawa, ya zuba hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Ni kuma, da yake na gaji halin Inna, kunya in ta yi mini yawa faɗa take komawa. Na ajiye robar na ce a gaya mini a wane littafi aka halatta a ɗaure dabba tana kallon 'yar'uwarta tana ci. Na ce ni ba zan ɗauki alhaki saboda takarda ba. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba nawa ba ne, na Inna ne na aro.

Tsohon ya bar ni na gama. Ya share ido da bakin rigarsa, ya ce tausayina ba laifi ba ne, kuma duk ɗalibin da bai ji abin da na ji ba shi ba ya son aiki da shi. Sannan ya ce:

"Ciyawar da kike raina wa huɗun nan, ita ce abincin tumakin ƙauye duka daga kaka har damina. Mai rago ɗaya ba za ta sayi ƙuli don na ce ta saya ba, sai na iya gaya mata ga abin da zai ƙaru. Huɗun nan su ne za su gaya mana. In kin ciyar da su, kin rufe musu baki."

Ya juya wurin ɗalibinsa ya ce wata biyu sun tafi, saura biyar. Za a kawo sababbin raguna a fara daga farko, wata uku. Rubutu ba zai jira gwaji ya ƙare ba, dole a yi su tare, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba. Don haka shi ya zauna a kan tebur, awo da ba da abinci kuma a bar wa mai koriyar roba, tunda an ga hannunta yana da albarka. Ya ce in ta karɓi amanar da bakinta, shi ya yarda da ita fiye da kowane ma'aikaci. Na ce na karɓa, murya can ƙasa.

Kwana uku Malam bai ce mini komai ba bayan gaisuwa. Bai yi faɗa ba, na kuwa so ya yi. A rana ta huɗu ina zuba masa ruwan shayi ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Kina tsaye na ɗaure sikeli a bayan mashin. Har kika ce mini a dawo lafiya."

Na ce, "Ka yafe mini, Malam." Ya ce ya yafe, in miƙo masa sukari. Amma na fi wata ina jin maganar nan a ƙirjina.

Kwana casa'in ɗin nan su ne mafi tsawo a zaman aurena. Na koyi karanta sikeli, na koyi rubuta lamba a layinta, na zama mai auna kashin rago da kaina, har ina faɗa in iska ta kwashe mini ƙwaya biyu. Tsari kuwa maƙwabciya nake miƙa wa ta katanga tun da ɗuminsa, don kada shaiɗan ya samu wurin zama. Inna ta ce ba za ta ƙara taka gidan da ake horon dabbobi da yunwa ba, ta kuma cika alkawari. A cikin sababbin marayun akwai wani ƙarami mai baƙin kunne wanda ba ya kuka sam. In na zuba masa ciyawa sai ya shinshina, ya dube ni, ya fara ci a hankali. Gara masu kukan. Ba su yi ciwo ba, likita yana zuwa duba su, amma ƙashin bayansu ya fito, kuma ni nake shafa shi kowace safiya. Sau da yawa nakan gama awo in shiga bayi in yi kukana in wanke fuska.

Shi kuwa yana ɗaki yana rubutu, ya fito ya karɓi lamba ya koma. Ranar Asabar ya karanta sikeli da murya ɗaya, ta mai ƙiba da ta ramamme duk iri ɗaya. Lambobin suna tafiya yadda ya kamata, tuwonsa ya dawo, har ya fara tambayar saura. Na yi masa murna, amma a raina na yanke cewa boko ya cinye masa wani wuri a zuciya, kuma haka zan zauna da shi.

Ranar Asabar ta ƙarshe muka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Mai baƙin kunne ne na ƙarshe, bai fi a ɗauke shi da hannu ɗaya ba. Malam ya karanta, na rubuta, ya karɓi littafin ya duba, ya ja layi a ƙasa ya rufe. Ban jira ya ce komai ba na yi kicin, na hau haɗa dusa da duk abin da hannuna ya kai.

Ina cikin damawa na ji magana ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki. Na ɗauka baƙo aka yi, na bar abin na leƙa. Malam ne a tsugune a ɗakin mai baƙin kunne, da wandonsa na fita, gwiwa a cikin taki. A gefensa ga wani ɗan buhun ƙuli da ban san da shi a gidan ba, daga baya na gane a bayan littattafansa ya ɓoye shi tun sati biyu. Ya ɓarɓasa ƙulin a tafin hannu, ragon yana ci, shi kuma yana shafa masa wuya yana cewa su yi haƙuri, an gama, su yafe masa, ya san abin da ya yi musu. Yana faɗa yana maimaitawa.

Ya ji motsina ya waiwayo. Idonsa ya yi ja, bai kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya yi gyaran murya irin ta malamai.

"Kada ki cika musu yau," in ji shi. "Cikinsu bai saba ba. Kaɗan-kaɗan."

Na ce to. Na shiga na tsuguna kusa da shi na riƙe masa bakin buhun, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har huɗun.